Matar da Ba Ta San Komai Ba

Duk wanda ya buɗe takardar binciken da ta ɗaukaka Farfesa Evert Dunnewold, in har ya daure ya wuce shafin farko, abin da yawancin masu ambatonta ba su taɓa yi ba, zai ci karo da wani layi a shafi na biyu: "Wadda aka auna idonta, A.W., ba ta san abin da ake nema ba." A.W. ɗin nan ita ce Aaltje Wierenga, wadda ke zaune bayan tsohon kamfanin sukari ita da mijinta Eppo. Da yatsunta ta buga wannan layin.

An haife ta a ƙauye, cikin gonakin dankalin da ke gabas da garin nan, inda mahaifinta yake leburanci a masana'antar sitaci. Ita ce ta ɗaya a ajinsu tun daga shiga har fita. Malaminsu ya tako har gida ya ce a bar yarinyar nan ta yi nisa a karatu. Tsohon ya saurare shi tsaf, ya ba shi kofi, ya raka shi ƙofa, washegari ya kai ta makarantar koyon tafireta. Ya ce kai mai kyau irin nata bai kamata a bar shi ya lalace a jami'a ba. Jami'ar dai ta shiga daga baya, amma ta ƙofar ma'aikata, tana da shekara ashirin da bakwai, a matsayin mai buga takardun sashen binciken ƙwaƙwalwa.

A lokacin Dunnewold bai zama farfesa ba. Dokta ne ɗan shekara talatin, dogo kamar falwaya, kullum da lofe a baki ko da babu taba a ciki. Aikinsa motsin ido. Ido ai ba ya tafiya a hankali, tsalle yake yi daga nan zuwa can, sau uku ko huɗu kafin ka ce kwabo, mai idon ma bai sani ba. Waɗannan tsalle-tsallen yake aunawa a wani ɗaki mai duhu a ƙarƙashin ginin.

To masu wannan sana'a suna da wata ƙa'ida. Idanunsu da na ɗalibansu suke aunawa, amma mujallar masana ba ta yarda da sakamako sai an haɗa da idon wanda bai san abin da ake nema ba, don wanda ya sani yana iya karkata idonsa ya ba da amsar da ake so. Dokta ya duba sashen kaf yana neman jahili. Ya hau bene ya tarar da Aaltje. A wajensa da mai tafireta da kujerar da take zaune a kai, ilminsu ɗaya.

Haka ta fara sauka ƙasa duk ranar Talata da Alhamis da rana. Sai a ɗiga mata maganin kashe zafi a idon hagu, a manna mata wani ɗan zoben roba mai siririyar waya a kan ƙwayar idon, ta ciji wani ƙarfe da aka lulluɓe da danƙon masu gyaran haƙori don kada kanta ya motsa. Ɗigon haske ya bayyana a dama, ta kai ido. Amma yayin da idon yake kan hanya sai na'ura ta janyo ɗigon baya kaɗan. Bayan sau ɗari biyu ido yakan koyi gajarta tsallensa da kansa. Wannan kowa ya san shi. Abin da kowa ya ɗauka kuma shi ne, da an kunna fitila mutum ya fita duniya, cikin 'yan mintoci idon ya koma yadda yake. A gefe guda alluran na'ura suna zana kowane tsalle a kan doguwar takarda, ita Aaltje ce ma ke naɗe takardun ta rubuta musu kwanan wata, tunda ai rubutu aikinta ne.

Wata ranar Juma'a da safe tana kwafe wata wasiƙa, sai ta ga duk lokacin da ta ɗauke ido daga takardar hannu zuwa wadda ke cikin tafireta a damanta, idon yana sauka kafin ya kai, sai ya ƙara ɗan taku. Mace ce da ta san idonta kamar yadda direba ya san birkinsa. Ta gwada sau goma, ta tabbatar. Ta tashi ta ƙwanƙwasa ƙofar Dokta.

"Dokta, idon nan fa bai warware ba."

"Zai daina ja, Aaltje. Ki sa ruwan sanyi."

"Ba ja nake nufi ba. Gajeren tsallen da kuka koya masa jiya, da shi ya kwana. Har yanzu in na kai shi dama ba ya isa."

Ya cire lofen daga bakinsa. Ita dai ba ta taɓa ganin haka ba. Ya ce ba zai yiwu ba, sannan ya ce ta biyo shi ƙasa. Suka auna, alluran suka zana abin da ta faɗa daidai. Da ta zo naɗe takardar ranar, ta rubuta kwanan wata da fensir a gefe, ta ƙara da cewa: "Na gaya wa Dokta idona ya kwana da gajeren tsalle, muka sauko muka duba. A.W." Ba don tarihi ta rubuta ba. Ita dai ba ta son aiki ba bayani.

Wata takwas suka yi suna aunawa, ita da ɗalibai biyu. Da Dokta ya kawo mata rubutun hannunsa ta buga, ta isa shafi na biyu, yatsunta suka tsaya. Ta sake ƙwanƙwasa ƙofar.

"Dokta, nan ka ce ban san abin da ake nema ba."

"Haka ake rubutawa."

"To ai ni na gaya maka."

"Kin lura dai, Aaltje. Lura daban, sani daban." Ya yi mata murmushin da ake yi wa yaro mai tambayar inda rana take kwana. "In na ce kin sani, idonki ya tashi daga shaida, sauran biyun kuma ɗalibaina ne. Kwandon shara za su jefa ta. Kina so wahalarki ta tafi a banza?"

Ba ta so. Ta koma ta zauna ta buga layin, babu kuskure ko ɗaya.

Abin haushin shi ne binciken gaskiya ne. Cikin shekara biyar an maimaita shi a ƙasashe huɗu da idanun mutanen da ba su san komai ba da gaske, aka sami abu ɗaya. Daga nan da ya buɗe baki ya faɗi yadda aka yi, babu abin da zai rasa sai ɗan tsinken girman kai. Bai faɗa ba. Aka raɗa wa abin suna "Ragowar Dunnewold". Aka ba shi kujerar farfesa, aka yi ta gayyatarsa taro, yana tsayawa gaban jama'a yana ba da labarin yadda tunanin ya faɗo masa wata safiya yana kan keke a bakin ruwa. Shekara na tafiya labarin na ƙara kitse, har agwagi suka shigo ciki. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Masanan kuwa kamar tumaki a ƙofar garke, inda ta farko ta bi nan sauran ke bi. Duk wanda zai rubuta wani abu game da ido sai ya ambaci Dunnewold a sakin layi na farko, ko ya karanta ko bai karanta ba. Wani ya taɓa yin kuskuren lambar shafi, mutum ɗari biyu suka kwafe kuskuren. Da kwamfuta ta zo aka fara ƙirga yawan ambato, Farfesa ya sami abin yi. Kafin ya cire rigar ruwa da safe sai ya duba lambar, kamar mai hawan jini da abin awonsa. Ranar da ta cika dubu uku ya sayo kek ya raba wa sashen. Ya miƙa wa Aaltje nata yankin da hannunsa, ya ce ta ci da kyau, ita ma ai da ɗan hannunta a ciki. Lokacin an shiga zamanin da kowa ke kiran kowa da sunansa, ya sha ce mata, "Kira ni Evert mana." Ba ta taɓa yi ba. Ta ce wa Eppo wanda ya cinye maka gona ba ka buƙatar ya ba ka aron fartanya.

Eppo direban bas ne, mai lamba shida ya ja har ya yi ritaya, bakinsa kuma ba shi da birki. Shi ya raɗa wa Farfesa suna Mai Agwagi. Duk da haka bai taɓa tura ta ta yi rigima ba, ita ma ba ta yi ba. Shekara talatin da ɗaya ta yi a sashen tana raina mutumin nan a zuciya, tana gyara masa nahawu, tana tuna masa ranar haihuwar matarsa. Idon hagun bai sake zama daidai ba, iska kaɗan sai hawaye. Da za a tashi daga tsohon ginin aka kwaso takardun ɗakin ƙasa aka zuba a motar shara, ta tsaya cikin yayyafi ta tono naɗin ranar Juma'ar nan, ta kai gida ta ajiye cikin kwalin takalmi a kan kabad. Ranar ritayarta an ba ta furanni, Farfesa yana wani taro a ƙasar waje.

Sai ga shi bana, wata uku kafin laccarsa ta ban kwana, ya jingina keke a ƙofar gidanta da ƙarfe goma na safe. Gashi ya yi fari, lofen ya tafi, tsawon na nan. Aaltje ta zuba masa kofi, ta buɗe gwangwanin biskit, ya ɗauki ɗaya, ta rufe.

"An ce mini ke kika ɗauki naɗin farko," in ji shi. "Jami'a tana so ta sa shi a gilashi ranar laccar. Kayan tarihi ne yanzu."

Eppo daga bayan jarida ya ce, "Da yana motar shara ba tarihi ba ne? Ko agwagin ne suka tuna maka?"

"Eppo, har yanzu dai ba ka canja ba."

"Ina zan canja, ranka ya daɗe? Ni ba a ambatona."

Aaltje ta sauko da kwalin, ta warware takardar a kan tebur, ta sa yatsa a ƙarƙashin rubutun fensir. Ya karanta. Ta ga idonsa ya bi layin har ƙarshe, ya yi tsalle ya koma kan kofinsa.

"Abu ɗaya nake so, Farfesa," in ji ta. "Shekarata saba'in. Ba na neman lambar yabo, ba na neman a canja wa abin suna. Ka tsaya a gaban mutanen nan ka faɗi sunana cikakke, ka faɗi wanda ya fara lura. Sau ɗaya. In ka yarda, ɗauki."

Ya dafa ƙirji. "Aaltje, na yi miki alkawari. Ranar nan sai kowa a zauren ya san sunanki da abin da idonki ya yi mana."

Matar da ta shekara talatin tana buga wasiƙun mutumin nan, ta san yadda yake ƙin abu da kalmomin yarda, ya kamata a ce ta ji inda maganar ta zame. Ba ta ji ba. Tana so ne, kuma so yakan toshe kunne. Ta naɗe takardar ta ba shi. Bayan ya tafi Eppo ya ce, "Tsohuwa, kin ba kura ajiyar nama." Ta ce ya yi mata shiru.

Ranar laccar ta sa shuɗiyar rigar da ta saya don auren 'yarsu, ta maƙala ɗan ƙarfen adon mahaifiyarta a kafaɗa. Eppo ya ɗaura taye a wuya yana ƙorafi. An ajiye musu kujeru a layi na huɗu, da sunanta a rubuce a ɗan kati, abin ya yi mata daɗi har ta ji kunyar daɗin. Ƙarfe huɗu daidai mai sandar jami'a ya shigo yana kaɗa sandarsa kacau-kacau, farfesoshi na biye da shi biyu-biyu cikin baƙaƙen alkyabbu da huluna kamar faifan tuwo. Kowa ya miƙe. Tsofaffin da da ƙyar suke hawa matakala, kowanne yana tafe yana leƙen wa aka sa a gabansa.

Farfesa ya yi minti arba'in yana yabon kansa ta bakin wasu. Ya nuna taswirar duniya da ɗigo-ɗigon wuraren da aka ambace shi. Ya nuna lambar, ta haura dubu huɗu, ya yi kamar bai damu da ita ba. Keke ya fito, bakin ruwa ya fito, agwagi suka fito, Eppo ya zungure ta da gwiwar hannu. Sannan aka haska hoton takardarta a farin allo, layukan tsallen idonta manya-manya kamar matakalar bene. Ta dubi gefen hagu inda fensir yake. Hoton a nan ya yanke.

"Wannan," in ji Farfesa, "idon wata baiwar Allah ne da duniya ta sani da haruffa biyu kawai. Yau zan biya wani tsohon alkawari. Sunanta Aaltje Wierenga, tana nan tare da mu. Aaltje, tashi su gan ki."

Ta tashi. Gwiwoyinta ma ba su yi shawara da ita ba.

"Ku dube ta da kyau, musamman ku matasa. Mai buga mana tafireta ce. Ba ta karanci ƙwaƙwalwa ba, ba ta san me ake kira tsallen ido ba, har muka gama ba ta san abin da muke nema ba. Wannan kuwa shi ne darajarta. Ido ne tsarkakakke, babu ilmin da ya gurɓata shi. Duk ginin da na yi a kan rashin saninta na ɗora shi."

Zauren ya fashe da dariyar jin daɗi, tafi ya biyo baya, dogo, har wasu na juyowa suna yi mata murmushi irin wanda ake yi wa tsohuwar jakar da ta yi wa gida hidima. Tana tsaye. Ba ta san yaushe ake zama ba, sai da Eppo ya ja gefen rigarta. Sunanta ya fito cikakke kamar yadda ta roƙa, mutum ɗari uku sun ji, kuma yanzu duk sun san ita ce matar da ba ta san komai ba. Da can ƙaryar a kan haruffa biyu take. Yanzu ta sami suna da fuska da shuɗiyar riga.

A wajen liyafa aka ja layi don gaisawa da shi, yadda aka saba. Eppo ya ce su tafi, ko kuma ta bar shi ya je ya yi masa gaisuwar direbobi. Ta ce a'a, ta shiga layi. Akwatin gilashin yana nan kan hanya. Ta tsaya ta duba. Takardarta na kwance a kan jan ƙyalle, an ninke gefen hagu an tura shi ƙasa, ninki mai kyau, da alama da rula aka yi. An kulle akwatin, an manna masa lambar gidan tarihin jami'a.

Da layi ya zo kanta ya kama hannunta da hannu biyu. "Aaltje! Kin ji tafin kuwa? Ya fi nawa."

"Na ji. Dube ni, Farfesa."

"Ai ke nake kallo."

"A'a. Ƙarfen kafaɗata kake kallo. Kawo idon nan." Ta nuna fuskarta. Idonsa ya tashi, ya sauka a kunnenta, ya koma kafaɗar. Ta san wannan zanen, ta naɗe irinsa ɗaruruwa. "Ka gani? Ba ya isa. Nawa kwana ɗaya ya yi ya warware. Naka ya haura shekara arba'in. Ka sa a auna, wataƙila ka sami wata takardar."

Ta ɗauka fuskarsa za ta yi ja don kunya, ko hannunsa ya yi sanyi. Ina! Dariya ya yi, ya juya ga mutumin da ke bayanta ya ce, "Ka ji ta ko? Haka take tun da, akwai barkwanci." Ya saki hannunta ya kama na gaba. Mai ɗauke da faranti ya miƙo mata soyayyen ƙwallon nama, ta girgiza kai.

A waje an yi ruwa an ɗauke. Suka taka har inda suka ɗaure kekunansu. Eppo ya sunkuya yana kokawa da makulli.

"Eppo."

"Na'am."

"Na tashi fa."

"Na gani."

"Tun ina budurwa nake raina mutumin nan. Ko kek ɗinsa ban taɓa ci da daɗi ba. Yau ya ɗaga yatsa ɗaya, na miƙe tsaye kamar 'yar aji ɗaya, na tsaya har suka gama tafi."

Eppo ya miƙe daga kan makullin. Ya zare tayen daga wuyansa, ya goge mata ruwan da ke kan sirdin keken da shi, ya riƙe mata kan keken har ta hau.